Idan Aron Kalma Talauci Ne, To Turanci Ya Fi Kowa Bashi

Duk shekara idan 26 ga Agusta ta kewayo, ranar da ake bikin Hausa ta duniya, sai tsohuwar gardamar nan ta sake tashi a Facebook. Wani ya sa hoton firiji ko fanka ya ce duk wanda ya cika Bahaushe ya faɗi sunan wannan da Hausa. Ka ce firiji, a bushe da dariya, wai ai Turanci ne. Bana har na ga wani matashi, da alama ɗan jami'a ne, ya rubuta cewa idan aka tsame Larabci da Turanci daga Hausa, abin da zai rage bai isa a yi cinikin gyaɗa da shi ba. Ya ƙara da cewa shi ya sa har abada ba za a iya koyar da kimiyya da ita ba.

Raini kam mun saba da shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da Turanci ya rubuta maganar, kuma kalmomin da ya ɗora hujjarsa a kansu, wato *language* da *pure* da *original* da *science*, babu ko ɗaya a ciki da kakannin Ingilishi suka sani. Duk daga Latin suka fito, harshen tsohuwar daular Rum, wasu kai tsaye, wasu ta hannun Faransanci. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Matsayata a fili take. Aron kalma ba abin kunya ba ne ga harshe, kuma Turancin da ake yi mana gori da shi shi ne babban shaida. Akwai abin da ya kamata mu ji tsoro game da makomar Hausa, amma ba a firiji da fanka yake ba. Zan zo kansa.

Yadda aka ci bashin

A 1973 wasu masana biyu, Thomas Finkenstaedt da Dieter Wolff, sun ƙirga kalmomi wajen dubu 80 na wani ƙamusun Oxford, suka ware kowace da inda ta fito. Kusan kashi 28 cikin 100 daga Latin, wani kusan kashi 28 ɗin daga Faransanci, wanda shi kansa ɗan Latin ne na cikinsa. Girkanci ya ba da kamar kashi 5. Abin da ya fito daga dangin harsunan Jamus, inda asalin Turanci yake, bai wuce kashi 25 ba. Wato fiye da rabin ƙamusun kayan gidan Rumawa ne.

Ba a rana ɗaya aka tara wannan ba. Rumawa sun mamaye Birtaniya a shekara ta 43, suka yi mulki har wajen 410. Duk inda suka kafa sansanin soja suna ce masa *castra*, kuma ga shi nan har yau a wutsiyar sunayen garuruwa: Lancaster, Leicester, Winchester. Yaron da ke ihu a gidan kallon ƙwallo saboda Manchester ta ci, sunan barikin sojan Rum yake kira bai sani ba. Ƙabilun da suka kawo tushen Turanci tsibirin bayan tafiyar Rumawa ma ba hannu rabbana suka zo ba, tun a can nahiyar Turai sun riga sun ari sunayen titi da bango da cuku da ma'aunin nauyi, wato *street* da *wall* da *cheese* da *pound*. Sai kuma addinin Kirista ya shigo yankin Kent na Ingila a 597 da nasa kayan, irin su *altar* da *candle*.

Babbar ambaliyar kuwa a 1066 ta zo, lokacin da William na Normandi ya tsallako daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Daga nan, wajen shekara 300, fada da kotu da gidajen masu hannu da shuni Faransanci suke yi, malaman coci suna rubutu da Latin, Turanci kuwa aka bar wa manoma da makiyaya. Tabon wannan zamani yana nan a bakinsu. Saniya tana kiwo *cow* ce, sunan da talaka mai kiwonta ya sani, amma da an yanka ta an kai gaban mai gida sai ta koma *beef*. Tunkiya *sheep*, namanta *mutton*. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Turanci saboda jama'a ba sa fahimtar abin da ake faɗa a kotu. Abin dariya, ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Rubuta bayanan kotu da Latin kuwa bai ƙare ba sai a 1733.

Har wakilin suna sun ara. *They* da *them* da *their* daga bakin 'yan Viking, mayaƙan teku na arewacin Turai, suka same su. Mu dai duk aron da muka yi wa Larabci, daga ranakun mako har ƙirgan ashirin zuwa casa'in, ba mu taɓa aron "ni" da "kai" da "su" ba.

"Ai su sun ci gaba, suna da bakin aro"

Wannan ita ce amsar farko da ake ba ni. Wai Turanci harshen duniya ne, idan ya ɗauki kalma ya yi mata gata, mu kuwa idan muka ɗauka rashi ne ya sa.

An juya tarihin ne. Lokacin da Turanci ya fi cin bashi, shi ne harshen waɗanda aka ci da yaƙi, wanda masu ilimi ke jin kunyar rubutu da shi. Isaac Newton, Bature ɗan Ingila, da ya tashi fitar da babban littafinsa kan motsi da ƙarfin da ke jan abubuwa zuwa ƙasa a 1687, da Latin ya rubuta, domin shi ne abin da malaman Turai ke karantawa. Sai a 1704 ya fitar da aikinsa kan haske da Turanci. Da a ce an tambayi wani malamin jami'a na ƙarnin da ya gabaci wannan ko za a iya koyar da kimiyya da Turanci, da wataƙila amsarsa ba za ta bambanta da ta matashin namu ba.

Kuma su ma sun yi irin wannan rigimar tamu, sak. A ƙarni na 16, da marubuta suka fara kwaso kalmomin Latin buhu-buhu, masu adawa suka laƙaba musu suna kalmomin kurtun tawada, wai malamai ne kawai ke tsamo su da alƙalami don burga. John Cheke, malamin Girkanci a Jami'ar Kambirij, ya rubuta a 1557 cewa a ra'ayinsa ya kamata a rubuta harshensu tsantsa ba gauraye, idan ba haka ba wata rana zai wayi gari a matsayin wanda bashi ya karya. Ya gwada ma da kansa, ya ƙirƙiri *hundreder* a madadin *centurion*, shugaban soja ɗari, da *mooned* a madadin *lunatic*, mai taɓin hankali. Babu mai faɗinsu yau. Su ma kalmomin kurtun ba duka suka rayu ba. *Impede* ta zauna, 'yar'uwarta *expede* ta mutu, kuma ba wata hukuma ce ta yanke hukuncin ba. Bakin jama'a ne ya tace.

Latin ɗin da ke bakinmu

Wani abin da masu gorin ba su lura da shi ba shi ne, yawancin abin da suke cewa mun ara daga Turanci, Turancin dillali ne kawai. Kotu da joji da fursuna da sammaci, ofis da sakatare da kwamiti, firamare da sakandare, asibiti da likita, mota da rediyo da bidiyo, duk idan ka bi sawunsu Rum za su kai ka.

Wasu ma labarinsu da daɗi. Soja daga *solidus* ya fito, wata tsabar zinare ta Rumawa, wato shi ne mutumin da ake biya ya yi yaƙi. Kwabo daga *copper* ne, jan ƙarfe, shi kuma daga *cuprum*, ƙarfen tsibirin Saifurus inda Rumawa ke haƙo shi. Don haka idan tsohuwa ta ce ba ta da ko kwabo, sunan wani tsibiri a tekun Bahar Rum ta ambata. Bas guntun *omnibus* ne, ma'ana "na kowa da kowa", kuma duk wanda ya taɓa shiga ta haya ranar kasuwa, ga buhun albasa ga akuya a ƙarƙashin kujera, ya san sunan bai yi ƙarya ba. Gwamna asalinsa matuƙin jirgin ruwa ne, su ma Rumawan daga Girkawa suka karɓa. Sanata daga *senex*, dattijo. Minista kuwa, ku riƙe wannan da kyau, ma'anarsa ta asali bara ne, ƙaramin mai hidima, daga tushe ɗaya da *minus*. Ban ce komai ba.

Ba ma sai da Lugga ya ci Kano da Sakkwato a 1903 muka fara haɗuwa da Latin ba. Dinari, wanda malamanmu ke lissafin zakka da sadaki da shi, daga *denarius* na Rumawa Larabawa suka samo shi. Takarda kuma masana harshe sun bi ta har zuwa *charta*, ta ratso Sahara a bakin Buzaye kafin ta iso mu. Wa zai tashi yau ya ce takarda ba Hausa ba ce?

Sai dai a yi hattara da masu asalin kalma na WhatsApp. Za ka ga an turo cewa *news* haruffan farko ne na arewa da gabas da yamma da kudu a Turance, alhali jam'in *new* ne kawai, sababbin abubuwa. Haka labarin da ake yawan bayarwa cewa da gishiri ake biyan sojan Rum shi ya sa albashi ya zama *salary*. Dangantakar kalmar da gishiri gaskiya ce, amma biyan albashi da gishirin babu wata tsohuwar shaida da ta tabbatar da shi.

"Kayan aro ba ya rufe katara"

Wannan hujjar ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Kalmar da aka gina da kayan gida tana bayyana kanta. Yaro ɗan shekara biyar ya ji "jirgin sama" ya san abu ne mai ɗaukar mutane a sama. Ya ji "Majalisar Ɗinkin Duniya" ya san aikinta, ko da ba ta yi. Yaron Ingila kuwa sai an gaya masa cewa akwai ruwa a cikin *aquatic*, akwai rana a cikin *solar*, domin ba su yi kama da *water* da *sun* da ya sani a gida ba. Wannan tsada ce ta gaske da Turanci ya biya. Ta raba harshen hawa biyu, na talaka da na mai digiri, kuma ita ce ta haifi dogon Turancin nan da lauya ko ɗan siyasa ke rufe mutane da shi idan ba ya son a gane inda ya dosa.

Jamusawa sun fi son gina tasu, talabijin a wurinsu "mai gani nesa" ne. Mutanen Aisland sun fi kowa tsanani, har kwamfuta sun ƙera mata suna na gida. Amma su ba su kai rabin miliyan ba, a tsibiri ɗaya, da tsarin makaranta ɗaya. Hausa kuwa miliyoyi ne ke yin ta daga Agadas zuwa zangon Kumasi, daga Garwa zuwa Sudan, ƙarƙashin gwamnatoci daban-daban. Wa zai ba da umarnin, wa zai bi?

Don haka ina goyon bayan ƙirƙira, matuƙar za a bar wa jama'a zaɓi. "Wayar hannu" ta karɓu, "jirgin ƙasa" ya karɓu, "yanar gizo" tana fafatawa da intanet kuma tana riƙe da wurinta. "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" kuwa ta daɗe a gidajen rediyo, amma je ka kasuwar Farm Centre a Kano ka ce a gyara maka ita, za a gyara, sai dai mai gyaran zai ce wa yaronsa miƙo kwamfutar nan. Ita *computer* ɗin ma daga *computare* take, yin lissafi, kuma kafin a ƙera injin, sunan ma'aikacin da ke zaman lissafi da alƙalami ne. Ba wata kalma ce mai tsarki da ta sauko daga sama ba.

Watannin gumaka

Akwai kuma masu kawo ta fuskar addini, kuma da niyya mai kyau suke yi. Suna cewa Janairu sunan Janus ne, gunkin Rumawa mai fuska biyu, Maris na Mars ne gunkin yaƙi, Yuni na Juno. Gaskiya ne. Yuli kuma Yuliyas Kaisar aka karrama da shi, Agusta kuma magajinsa Agustus. Satumba zuwa Disamba ƙirga ne kawai, bakwai, takwas, tara, goma, tun zamanin da shekarar Rum ke farawa daga Maris, shi ya sa lissafin ya goce da wata biyu.

Hukunci na malamai ne, ba nawa ba. Abin da zan iya faɗa a matsayin mai lura da harshe shi ne asalin kalma ba ya ɗaure ma'anarta ta yau. Ma'aikacin da ke jiran albashin Janairu ba Janus ne a ransa ba, kuɗin makarantar yara ne. Sunayen watannin Larabawa ma sun girmi zuwan Musulunci, Ramadan daga tsananin zafi aka samo shi, amma muna azumtarsa ko da a tsakiyar hunturu ya faɗo. Haka maƙwabcinka Felix ba lallai ya san sunansa na nufin mai sa'a ba, kamar Sa'idu ke nan, ko Victor ya san shi da Nasiru kusan abu ɗaya aka yi musu fata, ko Patience ta san takwararta ce Hakuri.

Inda matsalar take

Me ya hana Turanci narkewa duk da wannan bashi? Ƙashin bayansa bai taɓu ba. Kalmomi 100 da aka fi yawan faɗa a Turanci kusan dukkansu na gado ne, irin su ni da kai, zo da tafi, a ciki da a kan. Ginin jimla nasa ne. Duk baƙuwar kalmar da ta shigo kuma dole ta sa rigar gida, ta karɓi jam'i da lokutan aiki irin na masu gida.

Hausa ma haka take yi, kuma ta iya. Mota ta zama motoci, ofis ofisoshi, likita likitoci, asibiti asibitoci. *Change* ya shigo ya zama canji, ya haifi canza da canzawa da ɗan canji, har ba ka jin ƙamshin baƙunta a jikinsa. Bakin Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, sai ya raba su, ya ce burodi, ya ce fursuna. Wannan alamar lafiya ce.

Abin da ke ba ni tsoro daban ne. Shi ne ka ji mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa "actually ni I don't think za mu iya solving ɗin problem ɗin nan", alhali "a gaskiya ban ga alamar za mu iya magance matsalar nan ba" tana nan ba ta je ko'ina ba. Nan ba a ari komai ba, an ture na gida ne saboda lalaci ko neman a ce an yi boko. Shi ne kuma fassarar labarai da kowace kalma Hausa ce amma jimlar Turanci ce tsirara, a ce gwamna "ya biya ziyara" maimakon ya kai ziyara, ko a ce "a ƙarshen rana" inda Bahaushe zai ce daga ƙarshe. Mafi muni, gidajen 'yan boko a Abuja da Kaduna, har da Kano yanzu, inda uwa da uba Hausawa ne amma yaro bai iya gaida kakarsa ba, kuma ana faɗin haka da alfahari. Mutumin da ya hana ɗansa Hausa ya fi mai cewa firiji yi mata illa nesa ba kusa ba, amma shi ba a sa hotonsa a yi masa dariya.

Malaman Turanci na sakandare ma suna da aiki a nan. Maimakon a ba yaro jerin kalmomi hamsin ya haddace don jarrabawar WAEC, a nuna masa cewa *port* ɗauka ne, sai *import* da *export* da *transport* da *portable* su buɗe masa a lokaci ɗaya. *Scrib* rubutu ne, *dict* faɗa ne, *vid* gani ne. Yaranmu sun riga sun san wannan dabarar daga Islamiyya, inda ake nuna musu yadda kitabu da katibu da maktabu suka fito daga baƙaƙe uku. Yaron da ya gane cewa Turanci ma haɗe-haɗe ne zai rage jin tsoronsa, zai kuma rage raina nasa.

Maganar ta wuce gardamar Facebook yanzu. A 2025 Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Idan da gaske ake, za a buƙaci littattafan lissafi da kimiyya da shari'a, kuma za a ci karo da wata matsala ta zahiri: su daga Faransanci suke aro, mu daga Turanci. Can ana cewa lakwal da mushe, nan ana cewa makarantar boko da ticha. Amma a fagen kimiyya abin ya zo da sauƙi, domin Faransanci da Turanci rijiya ɗaya suka ɗebo, Latin da Girkanci. Oksijin da atam da bakteriya kusan lafazi ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Idan masana na Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Abdou Moumouni a Yamai da gidajen rediyo suka zauna suka daidaita yadda za a rubuta irin waɗannan, suka bar ƙirƙira ga inda Hausa ke da kayan ginin a hannu, ɗalibar Maraɗi da ɗalibin Katsina za su iya karanta littafin kemistiri ɗaya.